Malam Aradu a Ɗakin Sauraro

Shugabar makaranta ta aika a kira mata malamin ladabtarwa, wanda yara ke ce wa Malam Aradu, saboda in ya daka tsawa a bakin ƙofa har masu shagunan tsallaken titi sai sun gyara tsayuwa. Ya shigo ofis da tsumagiyarsa a hammata, ya zauna tun ba a ce ya zauna ba.

"Malam, ciniki za mu yi da kai," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, in dai ba ƙarin aji ba ne, ina ji."

"Umarni ne ya zo daga sama. An ce kowace makarantar gwamnati ta ware ɗaki guda inda yaro zai shiga ya faɗi abin da ke cin ransa. Damuwa, fargaba, rashin barci, duk dai irin wannan. A sa malami ya zauna ya saurara."

Malam Aradu ya yi dariya har tsumagiyar ta suɓuce. "Damuwa? Yaron da ba ya biyan haya, ba ya cefane? A iya sanina damuwar yaran makarantar nan guda ce, ita ce kuwa zaune a gabanki."

"Shi ya sa na zaɓe ka."

Gaskiyar magana, ta riga ta bi sauran malamai ɗaya bayan ɗaya, kowa ya zille. Malamar lissafi ta ce ita kanta mai sauraro take nema. Malamin kimiyya ya ce in ya ji matsalar wani, jininsa hawa yake. Ban da haka iyaye sun ishe ta da ƙorafi a kan tsumagiyar nan, ta ga in ta zaunar da mutumin a ɗaki ta huta ta ko'ina.

Shi ma ba yaro ba ne. Da ya ga ita ke nema, sai ya miƙe ƙafa ya fara faɗin nasa. A ɗauke masa darasin bayan azahar. A ba shi ɗakin nan na kusa da sito, mai fankar da ke juyawa da gaske. Sannan kujerar nan mai laushi da yake zaune a kai, da ita zai fita.

"Na yarda," in ji shugaba. "Nawa sharaɗin: tsumagiya ta zauna a nan ofis har ƙarshen zango. In yaro ya fara magana kuma, ba ka katse shi sai ya gama."

"Ko ƙarya yake yi?"

"Ko ƙarya yake yi."

"Ko ya ce akuya ce ta cinye masa littafi?"

"Ka tambaye shi lafiyar akuyar. Amma bayan ya gama."

Ya dubi tsumagiya, ya dubi kujera. Ya ɗora tsumagiyar a kan tebur a hankali kamar mai miƙa jinjiri, ya kinkimi kujerar ya fita.

Aka shafe ɗakin da sabon fenti, aka ajiye furen roba a taga, aka manna hoton wani yaro yana murmushi, aka rubuta Ɗakin Sauraro a jikin ƙofa. Malam Aradu ya zauna yana jira. Ba wanda ya leƙo. Yaran da hanya ta biyo da su ta wajen sai su ɗage dugadugai su wuce da sanɗa, wasu kuwa gara su zaga ta bayan banɗaki su sha wari. Shi dai bai ga laifin aikin ba. Fanka na juyawa, barci na zuwa a kan lokaci, har ya fara ƙiba.

Sai shugaba ta leƙo wata safiya ta same shi baki buɗe.

"Malam, masu duba makarantu na nan tafe. In suka tarar da ɗaki ba yara, ka san abin da za su ce. Ni kuma kujerata zan karɓa."

Malam Aradu ya yi tunani. Tun da ya fara aiki, wuri ɗaya ya sani da ake samun yara a tare ba wahala: bakin ƙofa bayan an kaɗa ƙararrawa. Washegari ya je ya tsaya hannu rabbana. 'Yan makara na hango shi suka kama kunne suka fara tsallen kwaɗo tun bai ce komai ba.

"Ku tashi! An daina wannan! Ku yi layi, a wuce a saurare ku!"

Yara suka dubi juna. Wani ɗan aji ɗaya ya fashe da kuka. Ya san bulala, ya san tsallen kwaɗo, ya san tsince leda a fili, amma bai taɓa jin hukuncin da ake kira sauraro ba, ya kuma tabbata tunda sabo ne ya fi na da muni.

Na farko ya shiga ya zube a ƙasa ya ɗaga hannuwa sama.

"Tashi ka hau kujera. Faɗi abin da ke damunka."

Malam Aradu ya naɗe hannu, ya kafe yaron da ido, ya yi gum kamar yadda aka yi alkawari. Yaro ya ga shiru ya yi yawa, gumi ya keto masa.

"Malam, ni na fasa gilashin aji uku. Amma wallahi ƙwallon ba tawa ba ce."

Na biyu ya ce shi ya sace alli. Na uku ya faɗi wanda ke sace wa malamin kimiyya iskar tayar babur. Wata yarinya ta ce ba ita ta zana hoton Malam da kunnuwan jaki a bangon banɗaki ba, ita dai wutsiya kawai ta ƙara. Kafin mako ya zagayo, duk laifin da aka daɗe ana neman mai shi a makarantar nan ya fito fili, ga kuma mai hukunci an ɗaure masa hannu. Sai dai ya cije haƙora har a ji ƙararsu, ya ce, "Na ji. Allah Ya sawwaƙe. Na gaba!"

Masu duba makarantu suka zo suka ga layi har bakin sito, suka yaba, suka tafi. Malamai kuwa suka sami sabon makami. Aji na yin surutu sai ka ji, "Ko ku yi shiru ko in tura ku a saurare ku!" Nan take wuri ya yi tsit. Makara ta ragu, har yara na gudu a titi da biredi a baki.

Mutum ɗaya ce ba ta daina ba, wata 'yar ajin ƙarshe da kowa ke kira Lauya. Tun tana ƙarama mahaifinta ya laƙaba mata sunan, saboda bakinta da kuma yadda take zuwa ta ɗaya a aji. Amma a 'yan watannin nan Lauya ta daina ɗaga hannu, ta rame, idanunta sun faɗa, kullum kuma sai an kusa gama darasin farko take shigowa. Dokar makaranta a fili take: wanda makara ta zame masa jiki ba ya zana jarrabawar fita. Shugaba ta riga ta yi mata kashedin ƙarshe, jarrabawa kuwa ta ƙarato.

Ranar da layi ya zo kanta, ta zauna a bakin kujera ta ɗora hannuwa a gwiwa. Malam Aradu ya jira a faɗi abin da aka fasa. Shiru. Ya dubi fanka, ya dubi furen roba, ya dubi yaron hoto mai murmushi har ya ji haushinsa. Yarinya ba ta ce uffan ba. Can abin ya fi ƙarfinsa.

"Ke! Kurma ce ke? An ce ki faɗi damuwarki, ki faɗa mana mu tashi!"

Yarinya ta zabura, numfashinta ya sarƙe, ta dafe ƙirji ta sulale ƙasa. Aka ruga aka kira ma'aikaciyar jinya ta asibitin unguwa, wadda takan zagayo makarantu. Ta zauna da ita har numfashi ya dawo daidai, sannan ta ja Malam Aradu gefe.

"Baba, yarinyar nan ba taurin kai take yi ba. Fargaba ce ta yi mata yawa. Ciwo ne kamar kowane, kuma ana samun sauƙinsa. Amma sai ta sami wanda za ta faɗa wa."

"Fargabar me? Ai na ajiye bulala."

"Muryar fa, ka ajiye ta?"

A daidai lokacin wani abu ya soke shi a muƙamuƙi. Cizon haƙoran nan da yake yi yana haɗiye tsawa ya tsaga masa turmin haƙori guda. Ya yi ta daurewa da ruwan gishiri har kunci ya kumbura, ido ɗaya ya ƙanƙance. Daga ƙarshe ya kai kansa wurin likitan haƙori da sassafe. Aka cire, aka cusa masa auduga, aka ce ya danne ta, kar ya yi magana sai yamma.

Matarsa da ta raka shi ta ce, "Likita, Allah Ya saka da alheri. Ba ka ga wani da za a cire gobe ba?"

Ya harare ta da lafiyayyen idon. Ya ga in ya koma gida wuni za ta yi tana faɗa masa abin da ta tara tun aurensu ba halin ramawa, sai ya nufi makaranta.

An daɗe da kaɗa ƙararrawa. Yana karyo kwana sai ya hango Lauya a jikin katanga, bayan rumfar mai gyaran takalmi, rungume da jaka tana kallon ƙofa. Ta taka kamar za ta shiga, ta tsaya, ta koma baya. Ta sake takawa, ta sake komawa. Shekara da shekaru yana tsayawa a ƙofar nan, amma daga ciki. Bai taɓa ganin ta daga waje ba. Tsawa ta taso masa har maƙogwaro, ta tarar da auduga, ta koma.

Ya matsa ya yafito ta da hannu. Ta biyo shi kamar wadda za a kai yanka. Maigadi ya buɗe musu yana cewa, "A'a, Malam, yau da kai a 'yan makara?" Ba halin amsa.

A ɗaki ta zauna ta runtse ido tana jiran aradu ta faɗo. Da ta ji shiru ta buɗe ido ɗaya. Ya nuna kuncinsa, ya buɗe baki kaɗan ta ga auduga, ya yi alamar zare abu da yatsu biyu. Dariya ta kuɓuce mata, ta yi maza ta toshe baki.

"Sannu, Malam."

"Mm."

"Da zafi?"

"Mm."

Ta jima tana murza igiyar jaka. Sannan ta ce, "Malam, ni fa ba barci nake yi ba. Kullum ina riga maigadi zuwa."

Ya so ya ce ƙarya ne. Abin da ya fito shi ne, "Mm?"

"In na zo ƙofa sai ƙirjina ya kama bugawa, ƙafafuna su ƙi. Sai in tsaya in ce bari ya lafa. Kafin ya lafa an kaɗa ƙararrawa, sai kuma in ji tsoron shiga ya ƙaru."

Da ta ga ba a katse ta ba, sai magana ta ɓalle. Mahaifinta mai walda ne. Tun tana firamare ya ƙera mata allon ƙarfe irin wanda ake kafawa a ƙofar ofis, ya rubuta Ofishin Lauya da manyan haruffa, har da ma'aunin shari'a a gefe. Ya ce kafin a sami ofis, a rataye shi a saman gadonta. In baƙi suka zo har ɗaki ake kai su su gani. Zangon da ya wuce ta zo ta uku. Baban bai yi faɗa ba, bai ce komai ba. Tsumma kawai ya ɗauka ya hau gado ya goge allon.

"Gara ya dake ni, Malam. In na kwanta shi nake gani, in na farka shi nake gani. In na buɗe littafi sai haruffa su riƙa yawo. Ni ban ma san ko ina son zama lauya ba, ba wanda ya taɓa tambayata. To in na faɗi jarrabawa, ina za a kai allon?"

Malam Aradu na da amsoshi da yawa. Akwai "Shirme!", akwai "Mu a zamaninmu", akwai labarin yadda yake tafiya makaranta ba takalmi. Duk suka taru a bayan auduga. A daidai nan kuma allurar kashe zafi ta fara sakinsa, hawaye suka zubo masa ta idon da ya kumbura.

"Wayyo, Malam, kar ka yi kuka. Ban faɗa don in ɓata maka rai ba."

Ya girgiza kai yana nuna kunci, ita kuwa ta ɗauka cewa yake ta ci gaba, ta ci gaba. Kafin ta gama, ɗaya idon ma ya kawo ruwa, shi kuwa ba a yi masa allura a wannan gefen ba.

Ya tashi ya ɗauki alli ya rubuta a bango: In je wurin babanki?

Ta ce, "Amma kar ka yi masa tsawa."

Ya nuna bakinsa.

Da aka tashi suka tafi tare. Mai walda ƙato ne, gemu har ƙirji, yana tsugune yana haɗa ƙyauren ƙarfe, tartsatsi na tashi. Ya ɗage baƙin tabarau ya ga wanda ke tsaye a kansa da kumburarren kunci. Sai ga ƙato ya saki abin walda ya zube a kan gwiwa.

"Malam! Wallahi ba ni ba ne!"

Ashe tsohon ɗalibinsa ne. Maƙwabtan shago suka leƙo suna kallo. Malam Aradu ya ɗago shi, ya kai shi can ciki, ya zaunar da shi a benci. Ya nuna yarinyar, ya nuna kunnen uban, sannan ya ɗora yatsa a leɓe.

Lauya ta fara. Ba ta yi nisa ba uban ya ce, "Haba 'yar nan, ai don ke na..." Malam Aradu ya ɗauki guduma ya buga a jikin ƙyaure. Uban ya haɗiye sauran. Can ya sake cewa, "To ai ni..." Guduma ta sake sauka. Haka aka yi har ta kai ƙarshe.

Mai walda ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Ni na ɗauka ƙarfin gwiwa nake ba ki," in ji shi. "Ranar da kika zo ta uku rasa abin faɗa na yi, shi ya sa na goge shi, don ki san ban fid da rai ba. Ni ban gama makaranta ba, Uwata. Makara ta sa aka kore ni. Ga ma wanda ya kore ni nan."

Malam Aradu ya ajiye gudumar a hankali, ya shiga duban rufin shago kamar yana neman inda ke yoyo.

A yammacin nan aka sauke allon. Sai da maƙwabta biyu suka kama, don mutumin bai yi rowar ƙarfe ba. Uwar yarinyar ta ce ita dama shekara da shekaru ba ta da kwanciyar hankali, kullum gani take zai faɗo wa 'yarta a ka.

Sai dai an riga an kai wa shugaba labarin makarar wannan rana, ta kuma yanke hukunci: Lauya ba za ta zana jarrabawa ba. Da baki ya warke, Malam Aradu ya je ofis. Wannan karon sai da aka ce ya zauna, ya duba bai ga kujera ba, ya tsaya.

"Ranki ya daɗe, a bar yarinyar nan ta zana."

Shugaba ta cire tabarau. "Kai ne, Malam? Kai da ka ce in aka ɗaga wa ɗaya ƙafa makaranta ta rushe? Dokar ma kai ka kawo ta."

"Ni na kawo ta. Ba ta da lafiya ne. Ma'aikaciyar jinya za ta faɗa miki."

"Me ke damunta?"

"Ni aka faɗa wa, ba ofis ba."

Ta dube shi da kyau. Tun da fari ba ta da niyyar hana yarinya mai ciwo jarrabawa, amma mace ce da ba ta barin dama ta wuce ta.

"To, sabon ciniki. Yarinya za ta zana. In ta zo da safe abin ya taso mata, ta zauna a ɗakinka har ya lafa, ba za a ce ta makara ba. Za ta riƙa ganin ma'aikaciyar jinya. Kai kuma ɗakin nan ya zama naka har ka yi ritaya. Tsumagiya ta tafi ke nan. Kuma ka daina kamo min yara a ƙofa kamar kaji. Wanda ya zo da ƙafarsa shi za ka saurara."

"Har ritaya? Ranki ya daɗe, ko zango ɗaya a ƙara, mu gani."

"Har ritaya."

"A bar min tsumagiyar ko don ado. In rataye ta kawai."

"Ka ga abin da rataye abu a bango ya jawo."

Ashe mai walda ya riga shi zuwa ofis da safe, ya faɗi komai da bakinsa yana roƙo.

"Na yarda," in ji Malam Aradu.

Ranar da aka fara jarrabawa Lauya ta zo da wuri, ta tsaya a jikin katanga. Malam Aradu ya fito ya tsaya kusa da ita, hannu a baya, su biyu suna kallon ƙofa kamar masu jiran mota. Bai ce mata komai ba. Mai gyaran takalmi ya ce bai taɓa ganin abin al'ajabi irin wannan ba. Can ta ja dogon numfashi ta ce, "Mu je, Malam." Suka shiga.

Ba ta zo ta ɗaya ba, ba ta kuma faɗi ba. Ta ci jarrabawa lafiya lau. Har yanzu akan sami safiyar da ƙirjin ke bugawa, amma ta san abin da ake yi in ya taso, ta san wurin wanda za ta je. Kafin ta bar makaranta ta faɗa wa ƙawayenta cewa mutumin nan in ya yi shiru ba neman mai laifi yake ba. Aka fara leƙo ɗakin ɗaya-ɗaya, ana shiga ba a durƙusawa.

In aka zo lissafin wa ya ci wa ya faɗi, yarinya ta ci, ubanta ma ya ci, don yanzu 'yarsa kan zo shago ta zauna su yi hira. Shugaba ta ɗauka ita ta fi kowa riba, sai ga shi ba malamin da ya yarda ya karɓi tsaron ƙofa, ita ce kullum a rana da 'yar siririyar muryarta tana cewa a yi sauri, yara na tafiya kamar masu rakiya. Malam Aradu kuwa ya yi asarar kwarjinin da ya shekara talatin yana tarawa. 'Yan aji ɗaya har hannu suke ɗaga masa daga nesa, wani ma ya taɓa tsayar da shi a hanya ya ce Malam ya ɗaure masa igiyar takalmi. In ka tambaye shi, cewa yake an cuce shi cuta mai tsanani. Amma har yau bai je ofis ya nemi a warware cinikin ba.